Darasi na Tara: Sayar da Kayan Saƙa a Baje Koli

Manufofin darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. bambance baje koli da kasuwar mako, ya kuma zaɓi wanda ya dace da kayansa;
2. gane irin zaren da yake aiki da shi, ya faɗa wa mai saye gaskiyarsa;
3. fitar da uwar kuɗin kaya, har da ladan hannunsa, kafin ya yanke farashi;
4. lissafa yawan kayan da sai an sayar kafin kuɗin rumfa ya dawo;
5. shirya rumfa, ya yi ciniki, ya karɓi kuɗi, ya kuma rubuta.

1. Baje koli ba kasuwar mako ba ce

Kai kayan saƙa nesa da gida tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Har yau turkuɗin garin Kura yana tafiya wurin Buzaye a Nijar, kuma marinar Ƙofar Mata tana nan tana aiki. Abin da ya sauya shi ne hanyar haɗuwa da mai saye. A da fatake da dillalai ne ke tsakani. A baje koli kuwa, wadda ta yi saƙar ita ce ke tsaye a gaban mai saye.

Kasuwar mako tana ci kowane mako, masu sayen kuma kun san su, sun san ku. Abin da bai fita ba yau zai fita wani makon. Baje koli kuwa na 'yan kwanaki ne, yawanci sau ɗaya a shekara ko a shekara biyu. Ana biyan kuɗin rumfa tun kafin a sayar da ko zare ɗaya, mutanen da za su zo baƙi ne, kuma ranar da aka tashi an tashi.

Akwai manya da ƙanana. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ce ke shirya na Kano, a filin baje koli da ke titin gidan zu, kuma yakan faɗo a ƙarshen shekara. Na Kaduna na ƙungiyar KADCCIMA ne, a filinta da ke kan hanyar Zariya, ya fi faɗowa a watan Fabrairu ko Maris. A Yamai akwai SAFEM, wanda aka keɓe domin sana'o'in hannu na mata. A Wagadugu ta Burkina Faso akwai SIAO, wanda aka fara a 1988, ana yin sa duk bayan shekara biyu. Ban da waɗannan, makarantu da ƙungiyoyin mata da ƙananan hukumomi sukan shirya nasu na kwana ɗaya ko biyu. Ga mai farawa, waɗannan ƙananan sun fi dacewa: rumfa ba tsada, gida ba nisa, kuma idan lissafi ya kauce asarar ba ta karya jari.

Ku lura da watan da baje kolin zai ci. Na Kano yana cin karo da shigowar hunturu, lokacin da kowace uwa ke neman hular sanyi da safa. Na Kaduna kuwa sanyi ya fara ja da baya, saboda haka wadda ta cika rumfa da rigunan ulu za ta iya komawa gida da rabinsu. A irin wannan lokaci faifai, jaka, mafici, malfa da gwado sun fi tafiya.

> Akwati na 1
> Baje koli: taron saye da sayarwa na ƙayyadaddun kwanaki, inda masu sana'a ke kama rumfa su nuna kayansu ga jama'a.
> Kuɗin rumfa: abin da ake biyan masu shirya taron domin wurin kasa kaya.
> Kwantai: kayan da aka kai kasuwa ba a sayar ba.

2. Ku san zarenku

Mai saye yakan ɗaga riga ya shafa, sannan ya ce, "Wannan ulun gaske ne?" Masu saƙa da yawa sukan amsa da "e" ba tare da sun sani ba, ba kuma da nufin cuta ba.

Tumakin da muke kiwo, wato 'yan ƙasa da uda da balami, gashinsu gajere ne mai kaushi, ba ya kaɗuwa ya zama zare. Tumaki masu gashin saƙa a yankinmu suna ƙasar Masina ta Mali, da wasu wurare na bakin kogin Kwara a yammacin Nijar. Daga can ne bargunan gashi na masaƙan Fulani ke fitowa. Shi ya sa yawancin ƙullin da ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan ulu ba gashin tunkiya ba ne. Zaren kamfani ne da ake yi da sinadari, ana kiran sa akirilik. Wannan ba aibi ba ne. Ya fi araha, yana jure wanki, launinsa ba ya saurin gushewa, asu ba ya cin sa. Aibin shi ne a sayar da shi da sunan abin da ba shi ba.

Idan takardar jikin ƙullin ta ɓace, ga gwajin da za ku yi a gida. Ku yanki zare kamar tsawon yatsa, ku riƙe shi da ɗan ƙarfe a kan faranti, nesa da yara da sauran kaya, ku kusanta shi da ashana.

Gashin tunkiya yana ƙauri irin na babbakar kai, ba ya son kama wuta, kuma abin da ya ƙone yana murƙushewa a tsakanin yatsu. Auduga tana ci da sauri, ƙaurinta irin na takarda, tokarta mai laushi. Akirilik kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri, da warin roba.

Wannan gwaji yana da amfani na biyu. Tun da akirilik yana narkewa, ku gargaɗi uwar da ta sayi kayan jariri kada ta kusantar da yaro da murhu ko kaskon wuta a cikinsu, kuma kada ta ɗora dutsen guga mai zafi a kai. Gashin tunkiya na son wanki da ruwan sanyi, ba murza, ba matsewa, a shanya shi a kwance a inuwa. Ruwan zafi yana sa shi ya tsuke. Tufafin da aka rina da baba sukan zuba a wankin farko, sai a wanke su su kaɗai. Wannan bayani ba ya cin minti guda, amma shi ke hana a dawo muku da kaya gobe da faɗa.

3. Uwar kuɗi da ladan hannu

Nan ne zuciyar darasin, don haka za mu ɗan daɗe.

A tambayi mai saƙa nawa ta kashe a kan riga, za ta lissafa ulu da maɓalli, ta tsaya. A tambaye ta lokacin da ta ɗauka, sai ta ce, "Ai a zaune nake, ba abin da nake yi." Wannan magana ita ce ke cinye jarin masu sana'ar hannu fiye da komai. Tela ba ya ɗinki kyauta don yana zaune. Mai kitso ba ta kitso kyauta don a tsakar gidanta take. Awannin da kika yi kina riƙe da kwarashi, idonki na zafi, wuyanki na ciwo, aiki ne, kuma yana da lada. Idan ba ki sa shi a farashi ba, kyautarsa kika yi wa mai saye.

> Akwati na 2
> Kayan aiki: duk abin da ya shiga jikin kaya ko ya tafi tare da shi, kamar zare, kaba, rini, maɓalli da leda.
> Ladan hannu: kuɗin lokacin da aka ɗauka ana aikin.
> Uwar kuɗi: kuɗin kayan aiki da ladan hannu a haɗe.
> Riba: abin da ya rage bayan an cire uwar kuɗi da duk wani kashe-kashe.

Yaya ake sanin ladan awa guda? Ku duba abin da mai aikin hannu irinku ke samu a yini a garinku, ku raba da awannin da yake yi. Sannan ku auna lokacinku da agogo, kada ku yi kintace. Ku rubuta lokacin da kuka ɗauki aiki da lokacin da kuka ajiye, har kaya ɗaya ya kammalu. Wanda bai taɓa aunawa ba yakan yi mamakin abin da zai gani.

Misali na 1. Lambobin da ke nan na koyon lissafi ne. Kowa ya sa farashin kasuwarsu a madadinsu. Mu ɗauka wata mai saƙa tana yin saitin jariri, wato riga da hula da safa.

Ulu ƙulli 4, kowanne naira 1,200: naira 4,800
Maɓalli, ribon da leda: naira 700
Jimlar kayan aiki: naira 5,500
Aikin awa 10, kowace awa naira 500: naira 5,000
Uwar kuɗi: 5,500 + 5,000 = naira 10,500

Da ta saba sayar da saitin naira 8,000, tana murna wai ta ci ribar 2,500. Ku raba 2,500 da awa 10, za ku samu naira 250 a kowace awa, rabin ladan da ya kamace ta. Riba kuwa ko kwabo babu. Kuma har yanzu ba mu kawo zancen rumfa da mota ba.

Wani zai ce, "To, idan kasuwa ta ƙi wannan farashi fa?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba ita ce a goge ladan hannu daga lissafi ba. Ana iya sarin ulu da dozin maimakon ƙulli-ƙulli, ko mutum biyar su haɗa kuɗi su sara tare. Ana iya sauya salon saƙa zuwa wanda ya fi sauri. Ana iya rage girma ko ado. Idan an gwada duk wannan kayan bai biya ba, a bar shi a koma ga wanda ke biya. Abin da ba zai yiwu ba shi ne yin gasar araha da rigunan sanyi na gwanjo ko na inji da ake shigowa da su. A wannan fage mai kwarashi ba za ta taɓa yin nasara ba. Abin da take da shi wanda dilar gwanjo ba ta da shi shi ne sabon kaya, daidai jikin yaro, da launin da uwa ta zaɓa, ko da sunan jariri a ƙirji.

4. Kuɗin zuwa baje koli

Wannan kuɗi ana kashe shi ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Saboda haka dole kayan da aka sayar su ɗauke shi.

Misali na 2. Mai saƙar ta haɗa kai da mata biyu suka kama rumfa ɗaya ta kwana 5.

Kuɗin rumfa: naira 45,000
Mota zuwa da dawowa, da dako: naira 20,000
Abinci da ruwa, naira 3,000 kullum: naira 15,000
Ledoji, kwali da katin lambar waya: naira 10,000
Jimla: naira 90,000
Kason kowace mace: 90,000 ÷ 3 = naira 30,000

Tana sa ran sayar da saiti 20. Ke nan kowane saiti zai ɗauki 30,000 ÷ 20 = naira 1,500. Yanzu sai mu koma ga wancan farashi na 8,000. Cire kayan aiki 5,500, cire kason rumfa 1,500, saura 1,000. Aikin awa 10 ya tashi a naira 100 kowace awa.

Mai zuwa baje koli na buƙatar farashi uku a kanta, ba ɗaya ba.

Na farko farashin ƙasa, wanda ba a sauka ƙarƙashinsa: 10,500 + 1,500 = naira 12,000. Na biyu farashin sallama, wanda ake so ciniki ya faɗa a kai: a ƙara riba, misali 2,000, ya zama naira 14,000. Na uku farashin faɗa, wanda ake fara gaya wa mai saye domin a bar wurin ragi, misali naira 15,500. Kada tazarar ta yi yawa. Wanda ya ce dubu talatin ya sallama a goma sha huɗu ya koya wa mai saye cewa maganarsa ba abin kamawa ba ce.

> Akwati na 3
> Adadin mai da kuɗi: yawan kayan da sai an sayar kafin kuɗin zuwa baje koli ya dawo. Ana samun sa idan aka raba kuɗin zuwa da abin da ke saura a kan kowane kaya bayan an cire uwar kuɗi.

Misali na 3. A farashin 14,000, abin da ke saura a kan kowane saiti shi ne 14,000 − 10,500 = naira 3,500. Raba 30,000 da 3,500, ya ba da 8 da ɗoriya. Ba a sayar da rabin saiti, don haka sai ta sayar da saiti 9 kafin ta ce kuɗinta ya dawo. Daga nan ne riba ta fara. Idan duka 20 suka fita: 20 × 3,500 = 70,000, cire 30,000, riba naira 40,000, ban da ladan hannunta na naira 100,000 da ke cikin uwar kuɗi.

Wannan lissafi yana faɗa mata wasu abubuwa biyu. Saiti 20 aikin awa 200 ne. Idan awa 4 take samu kullum bayan hidimar gida, kwana 50 ke nan, wato sai ta fara kusan wata biyu kafin ranar. Sannan tana buƙatar naira 110,000 na kayan aiki da 30,000 na tafiya, jimla 140,000, tun kafin kuɗin mai saye ya shiga hannunta. Mai adashi sai ta nemi kwasarta ta faɗo daidai lokacin sarin ulu. Idan kuma ta duba ta ga ba ta da tabbacin sayar da ko tara ɗin nan, gara ta haƙura da wannan baje kolin, ko ta aika kayanta da wata ta biya la'ada.

Kafin mu wuce: masu haɗa rumfa su rubuta yarjejeniyarsu tun a gida. Wa zai riƙe kuɗi, yaya za a gane kayan kowa, wa zai tsare rumfa lokacin salla da cin abinci. Zumunci da yawa ya lalace a kan abin da layi uku a takarda zai warware.

5. Kasa kaya

Mai wucewa kallo ɗaya yake yi wa rumfa. Kayan da aka jibge a kan tabarma a ƙasa ba ya ganin su sai ya sunkuya, kuma mutane ba sa sunkuyawa don abin da bai riga ya ja idonsu ba. Ku ɗaura igiya ku rataye mafi kyawun kayanku daidai ido. Ku kifa kwali a kan tebur, ku rufe da farin zane, domin kaya su hau bisa juna kamar matakala. Hula ta fi kyau idan an ɗora ta a kan ƙwarya ko ƙaramin tulu fiye da a ninke. Mai sayar da hula ko gyale ya zo da madubi.

Kayan saƙa da hannu ake sayensu, ba da ido kaɗai ba. Ku ware guda ɗaya na kowane iri domin taɓawa, sauran su zauna a leda, musamman farare da na jarirai, don ƙurar hunturu ba ta da tausayi. Kada ku bar kayan rini a rana tun safe har yamma. Gefen da rana ta buga zai koɗe.

Ku zo da kaya masu farashi daban-daban. Wanda ba shi da kuɗin bargo zai iya sayen safa ko ƙaramin faifai, kuma waɗannan ƙananan su ke biyan kuɗin abinci a ranar da kasuwa ta yi sanyi. Ku maƙala farashi a jikin kaya. Akwai masu kunyar tambaya, su wuce da kuɗinsu a aljihu.

Sannan ku zo da aikinku. Mace na zaune kwarashi na wasa a hannunta, ko tana murza mazari zare na fita daga auduga, ko tana ɗinka faifai da kaba mai launi: wannan ya fi kowane allo tara mutane. Wanda ya tsaya ya ga yadda layi ɗaya ke cin lokaci ba ya yi wa farashi tayin wulaƙanci. Amma da mutum ya tsaya, a ajiye aikin a gaishe shi. Waya kuma ta koma jaka.

6. Ciniki

Ga yadda ciniki zai iya tafiya a kan saitin da muka lissafa:

"Sannu da zuwa, Hajiya. Bismilla, taɓa ki ji."
"Sannu, 'yar nan. Nawa ne wannan mai ruwan ƙwai?"
"Dubu goma sha biyar da ɗari biyar, Hajiya. Riga, hula da safa."
"Kai! Na saya dubu tara."
"Albarka, Hajiya. Ulu ƙulli huɗu ya ci, aikin kwana uku ne. Juya cikin ki ga, babu ƙulli ko ɗaya da zai soki jikin yaro. Wata nawa ne jaririn?"
"Jikata ce, wata biyu."
"Allah ya raya. To wannan zai yi mata yawa kaɗan, amma zai kai ta ƙarshen sanyi. Ga wanda ya fi shi ƙanƙanta idan kin fi so."
"A'a, bar wannan. Sha uku."
"Ƙara dubu ɗaya, Hajiya, in sallama."
"To, na saya."
"Na sallama. Allah ya sa albarka. Da ruwan sanyi za a wanke, kuma kada a sa masa dutsen guga."

Ku duba abin da mai kayan ta yi. Ba ta ji haushin tayin dubu tara ba, domin tayi ƙofar ciniki ne. Hausawa ma sun ce da rashin tayi akan bar araha. Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta kushe kayan maƙwabciyarta ba. Ta nuna aikin, ta tambayi wanda za a saya wa, ta faɗi gaskiyar girman. Kuma ba ta ruɗe ba, saboda ta san inda za ta tsaya tun daga gida.

Idan mai saye ya matsa, gyara ta fi ragi. Ƙara masa ɗan abin da bai ci muku kuɗi da yawa ba ya fi a zaftare dubu biyu daga farashi. Wanda ya zo sari, kamar mai shago da ke son dozin, ana iya yi masa rangwame daga cikin riba, amma ba daga ladan hannu ba.

7. Kuɗi, oda da littafi

Ku zo da canji. Kuɗin ciniki ya zauna a jakar da ke jikinku, ba a ƙarƙashin tebur ba. Idan ta waya za a biya, kada kaya su bar rumfa sai kun buɗe asusunku kun ga kuɗin da idonku. Hoton rasit a wayar mai saye ba shaida ba ce, kuma saƙon alat ma ana yin na bogi. Ku faɗi wannan cikin fara'a: "Yi haƙuri, Alhaji, bari ya shigo tukuna." Mutumin kirki ba zai ji haushi ba.

Sau da yawa babbar ribar baje koli ba a filin ake cin ta ba, a odar da ke biyo baya ce. Wanda ya ce a yi masa kaya, ku rubuta sunansa, lambarsa, awo, launi, farashi da ranar karɓa. Ku yanki ɗan zaren launin da ya zaɓa ku manna a shafin, domin "shuɗi" iri-iri ne. Ku karɓi kafin alƙalami wanda aƙalla zai sayi kayan aiki. Kada kuma ku karɓi odar da ta fi ƙarfin awanninku. Kun riga kun san awa nawa kowane kaya ke ci. Kowace leda ta tafi da katin lambar wayarku, don masu saye da yawa ta WhatsApp suke dawowa.

> Akwati na 4
> Kafin alƙalami: kuɗin da mai saye ke bayarwa tun farko domin tabbatar da oda.
> Gyara: ɗan ƙarin da mai kaya ke yi wa mai saye bayan ciniki ya faɗa.

A littafi, kowane ciniki layi ɗaya: rana, kaya, farashi, hannu ko waya. Ku ware shafi guda na abin da aka tambaya ba ku da shi. Idan mutum shida sun nemi hular manya baƙa, kun san abin da za ku saƙa baɗi.

A ranar ƙarshe masu saye sukan zo da tayin banza, sun san ba wanda ke son komawa da kaya. Kayan saƙa ba tumatir ba ne, ba ya ruɓewa. Ku sauka zuwa farashin ƙasa idan ya kama, amma kada ku wuce shi. Kwantai a kakkaɓe shi, a tabbatar ya bushe, a ɗaure a leda, a ajiye sama da ƙasa saboda gara da laima. Na gashin tunkiya a sa masa kafur saboda asu.

Tambayoyin bita

1. Kawo bambanci uku tsakanin baje koli da kasuwar mako.
2. Me ya sa mai rigunan ulu zai fi samun ciniki a baje kolin Kano fiye da na Kaduna?
3. An ƙona zare ya narke ya zama baƙin ƙullutu. Wane irin zare ne, kuma wane gargaɗi za a yi wa wadda ta saya wa jariri?
4. Me ake nufi da uwar kuɗi? Me ya raba ta da kuɗin kayan aiki?
5. Wata ta ɗinka faifai. Kaba da rini sun ci naira 600, aikin ya ɗauki awa 6, ladan awa naira 500. Nawa ne uwar kuɗinsa?
6. Ta sayar da faifan naira 4,600, kuma kasonta na kuɗin baje koli naira 12,000 ne. Faifai nawa za ta sayar kafin kuɗinta ya dawo?
7. Idan awa 3 take samu kullum, kwana nawa za ta yi kafin ta haɗa faifai 20?
8. Bayyana farashin ƙasa, farashin sallama da farashin faɗa. Wanne ne ba a faɗa wa mai saye?
9. Mai saye ya nuna hoton rasit a wayarsa, ya ce yana sauri. Me za a yi, kuma da waɗanne kalmomi?
10. Waɗanne abubuwa ake rubutawa idan an karɓi oda?

Aikin gida

Kowa ya zaɓi kaya ɗaya da yake yi da hannunsa, ya auna lokacinsa da agogo daga farawa zuwa gamawa, ya fitar da uwar kuɗinsa a rubuce, sannan ya kwatanta da farashin da ya saba sayarwa. Ku zo aji na gaba da lissafin da kayan, za mu raba ku biyu-biyu ku gwada ciniki.